Ɗaki Biyu a Saman Shagon Batir

Mai Batir ake ce masa a layin, har wasu sun manta yana da wani suna. Shagonsa yana ƙasan wani tsohon bene, tsakanin shagon Tela da na mai sayar da tayoyi. A saman shagon akwai ɗaki biyu da ɗan kicin, nan yake zaune da matarsa da 'yarsu. Matakala goma sha huɗu ce tsakanin aikinsa da iyalinsa, kuma shekara takwas yana ganin babu wanda ya kai shi sa'a. Abokansa sai sun yi sammako sun bi mota kafin su isa wurin aiki, shi kuwa yakan sauko da kofin shayinsa bai ko huce ba.

Aikin ba na mai ƙyanƙyami ba ne. In aka kawo batirin mota da ya mutu, sai ya fasa murfin, ya zubar da ruwan a bayan gida, ya zaro farantan ciki. Waɗanda suka lalace ya narka su a wata 'yar tukunyar ƙarfe a kan risho, ya kwashe dattin da ya taso, ya zuba dalmar a mazubi, sai ga sabon kan batir yana sheƙi. Wata ƙura mai ruwan toka tana kwanciya a kan komai, daga benci da rediyo har gashin girarsa. Shi dai ƙura ya ɗauke ta, irin ta kowane shago.

Lokacin da matarsa ke da cikin fari, zafi da kaɗaici suka hana ta zaman sama, sai ta riƙa saukowa da rana tana zama a kan wata kujerar mota da ya ciro mata. Ita ke share shagon da yamma. Ita ke wanke kayan aikinsa, a bahon da take wanke nata. Cikin kuma ya zo mata da wani kwaɗayi: in ta yayyafa ruwa kafin shara, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙurar nan sai ya tsinka mata yawu. Ran nan ya kama ta ta dangwali ƙasa da yatsa ta kai baki.

"Ga shinkafa can a sama, kin sauko kina cinye mini shago?" in ji shi.

"Ba ni ba ce, ɗanka ne. Tun yanzu ya fara koyon sana'a."

Suka yi ta dariya, Tela ma ya leƙo ya taya su.

Ba ɗa ba ne, 'ya ce, ta kuma zo saura wata ɗaya da rabi lokacinta ya yi. Da nas ta miƙo masa ita a cikin tawul, ya duba ya ce, "Wannan ai ɗigo ce." Sunan da ya bi ta ke nan.

Ɗigo ba ta taka ba sai da ta kusa shekara biyu. Ta kai biyar kalmomin bakinta ba su wuce ashirin ba. Ba ta zama wuri ɗaya, ciwon ciki ba ya barinta, abinci sai an bi ta da shi ɗaki ɗaki. Makarantar da aka sa ta suka dawo da ita bayan wata biyu, suka ce ba ta shirya ba tukuna. Dangi suka ce nauyin baki ne kawai, kawunta ma haka ya yi. Wasu suka ce an shagwaɓa ta da yawa.

Amma tsakaninta da ubanta akwai magana. In rana ta take, sai ta ɗauki cokali ta buga ƙasan ɗaki sau uku, shi kuma daga shago ya amsa da sifana a jikin bututun ruwa. Daga nan sai ta gangaro matakala da gudu, ta cusa fuskarta a cikin rigar aikinsa, ta yi shiru kamar mai sauraron wani abu.

Da ciki na biyu ya kai wata uku, matar ta je awo, ta tafi da Ɗigo don babu wanda za ta bar wa. Wata sabuwar likita ta tarar. Likitar tana rubutu tana kallon yarinyar, wadda ta hau kujera ta sauka ta fi sau goma. Can ta ajiye biro ta fara tambaya. Mece ce sana'ar maigida? A ina suke zaune? Wa ke wanke masa kaya? A ƙarshe ta ce tana son jininsu su ukun.

Bayan kwana tara suka koma karɓar sakamako.

"Dalma ce a jininku, duk ku ukun," in ji Likita. "Taka ta fi yawa, Malam, amma kai babba ne, za mu zo kanka. Waɗanda suka fi damuna su ne wannan yarinya da wanda ke ciki."

Ta yi musu bayani a hankali. Ta ce ƙurar ba ta da wari, tana shiga ta hanci da ta baki, tana bin riga da takalmi har kan gado. Abin da ya shiga jinin uwa yana ratsawa ya isa ga ɗan da ke ciki, daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke haɗuwa. Jiki kuma yana ɓoye ta a ƙashi shekara da shekaru, in mace ta sami ciki sai ta sake fitowa.

Mai Batir ya dubi hannuwansa. Ya wanke su kafin ya fito, amma ƙarƙashin farcensa baƙi ne.

"Likita, kina nufin ni na yi wa 'yata haka?"

"Ban ce kai ba, Malam. Ba kuma zan rantse cewa dalmar kaɗai ce sanadi ba. Amma tana da hannu, kuma ba ƙarami ba."

"To abin da ta rasa, zai dawo?"

"Za mu yi abin da za mu iya don ta jinin ta ragu. Za ta ci gaba, yara suna ci gaba. Amma ba zan yi maka alƙawarin abin da ba ya hannuna ba. Abin da ke hannunmu shi ne kada a ƙara. Su bar gidan nan cikin satin nan."

Suka iso gida. A tsakiyar matakala matar ta tsaya, ta dafa bango.

"Ni na ci da bakina, Baban Ɗigo. Kana kallo."

"Ni na kawo ta gidan."

Ba su ƙara tayar da maganar ba. Babu wanda ke da ƙarfin karɓe laifin daga hannun ɗan'uwansa.

Matar tana da yaya, malamar makaranta ce, mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai a wani gari mai nisan awa huɗu a mota. Da aka kira ta, Yaya ba ta bari an gama bayani ba ta ce su taho. Likita ta ce kada su ɗauki komai sai abin da zai wanku, don haka jaka biyu kawai suka haɗa. 'Yar tsanar Ɗigo ta tsumma aka bar ta a kan gado. A tasha yarinyar tana ta murna, ta ɗauka yawo za a je. Sai da motar ta motsa, ta ga ubanta a tsaye a waje, sannan ta fara dukan gilashi da tafin hannu.

Ya dawo ya buɗe shago, don bai san abin da zai yi da ranar ba in bai buɗe ba.

Satin farko tsakar rana ce ta fi ba shi wuya. Yana cikin aiki sai ya ji hannunsa ya tsaya da kansa, kunnensa na sama. Ran Laraba har ya ɗauki sifana ya buga bututun, ƙarar ta hau sama ta mutu a can. Tela ya leƙo.

"Lafiya, ko famfon ne ya lalace?"

"Famfon ne."

Tela ya dube shi, ya koma shagonsa. Da lokacin cin abinci ya yi sai ga shi da kwano biyu. "Taho mu ci, gwauron wucin gadi. Na ga abin da ka dafa jiya, ko kyanwar mai tayoyi ta ƙi shi."

A sama bai taɓa komai ba. Silifas ɗin matarsa suna bakin ƙofa yadda ta cire su, ɗaya ya hau kan ɗaya, kullum sai ya tsallake su ya wuce. Ya ga ashe bai san inda ake ajiye gishiri ba. Ya ga ashe ɗakin da yake ƙorafin ya yi musu kaɗan yana da faɗin da mutum zai rasa inda zai zauna.

Kullum da yamma in ya rufe shago sai ya kira. Matar ta ba shi labarin ranar: an ba Ɗigo maganinta, ta ci ƙwai rabi, ta fasa wa Yaya kofi. Sannan ta ce, "Ɗigo, zo ga Baba." Yarinyar ba ta magana a waya. Numfashinta kawai yake ji, da ƙarar yatsunta a jikin wayar, shi kuwa ya yi ta zuba. Ya gaya mata motoci nawa suka zo, ya gaya mata kyanwa ta haihu a cikin taya. Wani lokaci ya yi minti biyar yana magana kafin matar ta ce, "Ta ajiye tun ɗazu, ni ce nake ji. Ci gaba."

Bayan sati uku ya shirya zuwa ganinsu. Tun ana gobe Yaya ta karɓi wayar.

"Ka ji ni da kyau. Kayan da suka kwana a gidan can ba za su taɓa yarinyar nan ba, ko da sababbi ne. Na saya maka riga da wando, suna nan a leda. In ka shigo, banɗaki yana hannun hagu. Sai ka fito sannan a gaisa."

"To, Yaya."

Ya yi wanka sau biyu kafin ya bar gida. Amma abin da ba a lissafa ba shi ne Ɗigo tana bakin taga tun safe. Yana turo ƙofar gidan ta hango shi, ta zille ta ƙarƙashin hannun Yaya, ta keto tsakar gida da gudu, hannuwanta a buɗe.

Ya ja da baya. Ya ɗaga hannuwansa sama. "Tsaya, Ɗigo. Tsaya tukuna."

Ta riga ta saki jiki. Ta rungumi iska, ta faɗi a kan gwiwoyinta. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗago kai ta dube shi, shi kuma yana tsaye hannuwa a sama kamar wanda aka kama da sata. Yaya ta zo ta ɗauke ta. Ya shiga banɗaki, ya tarar da sabon soso da burushin farce a kan bokiti. Ya daɗe a ciki fiye da yadda wanka ke buƙata.

Da ya fito, Ɗigo ta shige ƙarƙashin teburin da Yaya ke duba littattafan ɗalibanta, ta juya wa ɗakin baya. Ya durƙusa ya gaida Yaya.

"Ka yi haƙuri," ta ce. "Ba don na ƙi ka ba ne."

"Na sani, Yaya. Da ni ne ma haka zan yi."

Matarsa tana zaune a bakin gado, cikin ya fito sosai, fuskarta ta yi haske fiye da yadda ya santa. Bai zauna a kujera ba, ya zauna a ƙasa kusa da teburin, ya miƙe ƙafa, suka shiga hira kamar babu kowa a ƙarƙashinsa. Matarsa ta tambayi labarin Tela da na matar mai tayoyi, ta tambaya ko ya tuna ya juye ruwan da ta bari a tulu. Aka kawo abinci ya ci a nan ƙasa. Sai da aka fi awa biyu sannan ya ji motsi a bayansa.

Ɗigo ta rarrafo ta tsaya a gefensa. Ta kai hanci jikin sabuwar rigar ta shinshina, ta ture shi.

"A'a," ta ce.

Ƙamshin sabulun Yaya ne a jikinsa, ba warin shago ba. Bai motsa ba. Can ta kamo hannunsa na dama, ta juya shi, ta lalubo tabon da narkakkiyar dalma ta taɓa yi masa a gindin babban yatsa. Ta danna wurin da yatsanta, ta sake dannawa. Sannan ta hau cinyarsa ta zauna.

"Baba," ta ce. "Gida."

Matar ta tashi ta shiga kicin, aka ji ta buɗe famfo.

Ran Litinin da ya koma bai kunna risho ba. Ya tattara matattun batiran da ke shagon ya ba masu babbar mota da ke zuwa saye, ba tare da ya fasa ko ɗaya ba. Ya koma cajin batir da sayar da sababbi kawai. Masu kawo gyara suka yi ta zuwa suna komawa, har suka daina zuwa.

"Mai Batir ba wuta," in ji Tela. "Saura ni ma in daina sa zare a keke, mu zauna mu riƙa kallon titi tare."

Shi kuwa abin da ke ransa daban. In ya daina narka dalma, ya kuma wanke gidan tas, me zai hana su dawo? Sati biyu yana wanki. Ya goge bango da jiƙaƙƙen tsumma, ya wanke daɓe sau bakwai, ya wanke matakala ɗaya bayan ɗaya da burushi, ya yi sabon fenti. Da ya gama sai ya je wurin Likita, ta haɗa shi da wata ma'aikaciyar duba-gari. Ma'aikaciyar ta zo da auduga da ƙananan ledoji, ta shafi bakin taga, ta shafi tsagar siminti, ta ɗebi ƙasar bayan gida a cokali. Bayan kwana goma ta dawo da takarda.

"Ka yi ƙoƙari, Malam, ban taɓa shiga gidan da aka wanke haka ba. Amma tana nan. Tana cikin tsagar daɓe, tana cikin silin, tana cikin katifa da labule. Ƙasar bayan nan kuwa, inda kake zubar da ruwan batir, ba a magana."

"In na sake wankewa fa?"

"Sai dai a fasa daɓen, a sauke silin, a kwashe ƙasar. Mai gidan zai yarda?"

Ya san ba zai yarda ba.

"Jariri da rarrafe yake yawo," ta ce tana naɗe takardar, "kuma duk abin da ya samu baki yake kai shi. Da ɗana ne, ba zan kawo shi nan ba."

Da yamma ya kira ya gaya wa matarsa.

"Kana sama yanzu?" ta ce.

"Ina sama."

"To zaga da ni."

Bai gane ba da farko. Sannan ya koma bakin ƙofa ya fara. Ya ce ga ƙusar da take rataye rariya, ga inda hayaƙin risho ya yi baƙi a kan tagar kicin, fenti bai rufe shi ba. Ta ce ya shiga ɗakin ciki. Ya ce ga labulen da ta ɗinka, wanda gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta ce ba laifinta ba ne, Tela ne ya ba ta gurgun awo. Ta tambaya ko ya shafe zanen da suke yi a jikin ƙofa in sun auna tsawon Ɗigo. Ya ce ya kewaye shi da fentin.

"Rana ta sauko kan gado?"

"Ta sauko. Ta kusa kai filo."

"To ƙarfe biyar ta wuce ke nan." Ta ja numfashi. "A wurin nan ina kwance na fara jin motsinta. Kana ƙasa kana buga wani abu, duk bugun da ka yi sai ta harba. Na ce wannan ta san ubanta." Muryarta ta sauka. "Na san abin da gidan nan ya yi mana, Baban Ɗigo. Ba mantawa na yi ba. Yaya ba ta rage ni da komai ba, nan ko ƙura babu. Amma da za a ce in rufe ido in buɗe, can nake so in gan ni. Har warin nake kewa. Wace irin uwa ce za ta ce haka?"

"Irin wadda ta zauna shekara takwas a wuri."

"Kada ka gaya wa Yaya."

"Ba zan gaya mata ba."

Ya yi wata ɗaya yana kwashe gidan. Katifa da labule da dardumar ɗaki da 'yar tsanar Ɗigo, duk ya ƙulle su a manyan ledoji ya kai inda ma'aikaciyar ta ce a kai. Tukwane da kwanuka ya wanke ya aika a mota. Ya je ya sami mai gidan ya gaya masa gaskiya, ya roƙe shi kada ya sa masu iyali a sama. Mai gidan ya ɓata rai, ya ce tun da aka gina benen ba wanda ya mutu a ciki. Allah ya taimaka mai tayoyi yana neman wurin ajiya, sai ya karɓi saman da ƙasan gaba ɗaya.

Cikin yana wata takwas Mai Batir ya sauka a garin Yaya da akwatin kayan aiki ɗaya. Ya sami wani gareji da ake gyaran wutar mota, ya koma ɗan koyo yana da shekara arba'in da ɗaya, a ƙarƙashin ubangidan da ya girme wa da shekara goma. Bai damu ba. Kayan aikinsa a garejin yake barin su, a can yake wanka kafin ya taho. Suka kama ɗaki ɗaya a bayan makarantar da Yaya ke koyarwa.

Ta haihu wata Alhamis da hantsi, lokacinta ya cika cif. Namiji ne, da nauyinsa, da kukan da ya cika ɗakin haihuwa. Aka ɗebi jininsa aka auna. Likitan garin ya ce akwai dalmar, amma kaɗan, ba ta kama ƙafar ta yayarsa Ɗigo ba. Ya ce a kula da abincin uwar, madara da ƙwai da wake, a riƙa kawo shi duk wata uku.

"Zai yi lafiya ke nan?" in ji matar.

"Alamu suna da kyau. Sauran sai yana girma za mu gani."

Sai suka shiga jira. Ta riƙa kallon yaron fiye da yadda ake kallon jariri. In ya bi hannunta da ido ta gaya wa mijinta, in ya wuni bai yi murmushi ba ta kasa cin abinci. Ta tambayi maƙwabta a wata nawa nasu suka fara riƙe wuya. Yaya ta ce ta bar yaro ya sha iska, ba jarrabawa ya zo rubutawa duniya ba. Matar ta yi dariya, amma ba ta daina ba. Shi ma bai daina ba, ɓoyewa kawai ya fi ta iyawa.

Ɗigo ta shiga ajin wata malama mai haƙuri, ƙawar Yaya, wadda ke barinta ta tsaya a bayan aji in zama ya gagare ta. Ciwon cikin ya ragu. Kalmominta sun ƙaru, ba da yawa ba. In baƙi suka zo ganin jariri sai ta tsaya a gaban gadon ta ce, "Nawa." Har yau ba ta haɗa kalma uku a jere ba, kuma babu wanda ya san ko za ta haɗa.

Yaron yana wata biyar lokacin sake auna jinin Mai Batir ya yi, a wurin likitar farko. Matar ta ce za ta raka shi. Suka bar Ɗigo wurin Yaya, suka bi motar safe. Da suka fito daga asibiti ta ce su bi ta tsohon layinsu.

Ba ta tsallaka titi ba. Ta tsaya a ɗaya gefen, a inuwar wani shagon magani, yaron na goye. An cire allon shagon. Ta tagar sama ana hango tayoyi an jera su har silin. Tela ya hango su, ya tsallako da tef ɗin awo a wuya, yana ta washe baki.

"Maman Ɗigo, ashe ana ganinku. Mu ga angon." Ya leƙa bayanta. "Kunnuwan uban ne sak, Allah ya ba shi haƙurin ɗaukarsu."

Suka gaisa, ya ba su labarin layin: wanda ya tashi, wanda ya yi aure, yadda babu mai taya shi gardamar ƙwallo yanzu. Ya ce su shigo su sha ruwa. Ta yi godiya ta ce a'a, nan ma ya isa. Tana amsa masa, idonta na sama. Sun fi minti goma sha biyar a tsaye a wurin. Sannan ta gyara goyonta.

"Mu tafi, kada motar ƙarfe biyu ta bar mu. Na ce wa Ɗigo za mu dawo kafin rana ta faɗi."

A mota ta zauna ta bakin taga, ta sauko da yaron kan cinyarta, tana kallon waje har suka yi rabin hanya. Da suka tsaya shan mai sai ta juyo.

"Ɗakin nan namu, tagarsa bango take kallo."

"Haka ne."

"In da hali, ka nemo mana mai kallon titi. Ko ƙarami ne. Ina son in riƙa ganin mutane suna wucewa."

Ya ce zai tambaya a gareji gobe, akwai wani direba da ya san masu gidaje. Yaron ya farka yana neman nono, ta juya ta ba shi, motar ta hau titi.